Bikin Kaka a Gidan Kaka

Tun ranar Litinin na fara ganin alamun wani abu na tafe a garin Suwon. Duk wanda ya shigo jirgin ƙasa riƙe yake da kwali, wani na 'ya'yan itace, wani na man girki, wani an naɗe shi da ƙyalle ruwan zinare an yi masa ƙulli mai kyau a sama. Ranar Talata aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin cin abincinmu cewa za a rufe har tsawon kwana shida. A lokacin watana biyu a Koriya ta Kudu, ina wani kwas na noman shinkafa tare da malaman gona daga ƙasashe daban-daban. Na riga na yi shirin sayen ƙwai da burodi in kulle kaina a ɗaki, sai wani ma'aikacin gonar gwaji da muka saba da shi ya tare ni a bakin rumfar iri. Ya girme ni da shekara huɗu, don haka tun farko ya ce in riƙa kiransa Hyong, wato yaya. Ya ce, "Ba a barin mutum shi kaɗai ranar Cusok. Ka haɗa kayan kwana uku, za mu je wurin kakata."

Bikin girbinsu ke nan. A takarda Chuseok suke rubutawa, a baki kuwa Cusok za ka ji, tsofaffi kuma suna cewa Hangawi. Yana faɗowa ranar 15 ga wata na takwas a lissafinsu na wata, daren da wata ke cika. A 2023 ya zo ranar Juma'a, 29 ga Satumba. Hutunsa kwana uku ne, amma a wannan shekarar ya haɗe da ƙarshen mako da wani hutun ƙasa na 3 ga Oktoba, gwamnati ta cike ranar da ta rage a tsakani, ya zama shida. Da na duba kalandar wayata sai na ga watan nasu shi ne namu na Rabi'ul Awwal. Ranar Laraba aka yi hutun Mauludi a Najeriya, mu kuma da asubahin Alhamis muka kama hanya.

Mu huɗu ne a motar: Hyong, matarsa, 'yarsu mai shekara bakwai, sai ni. Ƙarfe biyar muka fita don mu riga jama'a, ashe kowa dabarar da ya yi ke nan. Mutanen ƙasar sun haura miliyan 51, kuma kusan rabinsu a Seul da kewayenta suke zaune, alhali asalin yawancinsu ƙauyukan kudu ne. In Cusok ya zo sai duk su juya gida a rana guda. Mun bi babbar hanyar da ta bi gaɓar teku ta yamma, muka hau wata gada mai tsawon fiye da kilomita bakwai muna tafiyar hawainiya. A kwanakin bikin gwamnati kan yafe kuɗin hanya. Tafiyar da ba ta kai awa uku ba a sauran ranaku ta ci mana kusan bakwai. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ban ji ƙarar oda ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya sauka gefen titi ya buɗe sabon layi. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Kano ana jajiberin Babbar Sallah ya san abin da nake nufi.

A cikin wannan cunkoson na faɗa wa Hyong abin da ke cina tun daren jiya. Na karanta cewa da safiyar bikin ana shirya wa magabata tebur a sa goshi a ƙasa a gabansa. Na ce masa, "Hyong, ka yi min uzuri tun yanzu. Ni Musulmi ne, goshina ba ya taɓa ƙasa sai don Allah, kuma abin da aka ajiye a teburin ba zan iya ci ba. Ba na so in ɓata wa tsohuwa rai a gidanta." Ya ce kada in damu, ƙanwar mahaifinsa ma 'yar coci ce, shekara talatin ba ta rusuna a wurin, a baya take tsayawa. Ya ƙara da cewa wannan magana tsohuwa ce a yankinsu, domin a birnin Jeonju, kusa da inda za mu, aka fille kan wani mai suna Yun Ji-cung a 1791 saboda ya karɓi addinin Katolika ya ƙi yi wa mahaifiyarsa bikin magabata. Ya ce yanzu ba mai tilasta wa kowa.

Da muka doshi Gimje sai ƙasar ta buɗe. Koriya ƙasar duwatsu ce, duk inda ka juya tsauni ne ya tare maka ido, amma nan fili ne shimfiɗe har inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma mutanen wurin suna alfahari da hakan ƙwarai. Shinkafa ce ko'ina, ta sunkuyar da kai, ta fara juyawa daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Ni da aikina ke nan sai da na roƙi a tsaya. Na sauka na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ƙwayar gajera ce mai ƙiba, ba irin doguwar da muke nomawa a Kura da Kadawa ba. Babban girbin sai Oktoba. Abin da ake yanka kafin biki shi ne iri mai saurin nuna, domin dole teburin Cusok ya samu sabuwar shinkafar bana. A hanya Hyong ya nuna min ragowar wata madatsar ruwa mai suna Byeokgolje, wadda tarihinsu ya ce an gina ta a shekara ta 330. Wato tun kafin zuwan Musulunci da kusan ƙarni uku mutanen nan ke tare ruwa don shinkafa.

Gidan ƙarami ne, mai jan rufi, da tsakar gida inda aka shanya jan barkono a kan tabarmar leda, ga manyan tulunan ƙasa jere a gefe cike da daddawarsu ta waken soya. Tsohuwar na zaune a bakin ƙofa. Shekarunta 84, bayanta ya ranƙwafa irin na wadda ta ƙare rayuwarta a cikin fadama. Halmoni ake ce mata, wato kaka. Na cire takalmi, na tsuguna na gaishe ta yadda zan gaida tawa kakar, na miƙa mata tsarabata da hannu biyu kamar yadda aka koya min. Ban da kwalin 'ya'yan itacen da na saya, na haɗa da ragowar kantun riɗi da matata ta yi min guzuri. Ta buɗe ledar, ta gutsura, ta tauna a hankali, sai ta ɗago ta yi wata magana da ta sa kowa dariya. Hyong ya fassara min: wai wa ya koya wa mutanen Afirka yin gangjong? Ashe su ma suna da irinsa sak, riɗi da aka daskarar da zaƙi aka yayyanka. Daga nan ta daina ce min baƙo, ta koma ce min yaro.

Yinin ranar na mata ne, kuma aiki ne ba na wasa ba. Mahaifiyar Hyong, wadda nake kira Omoni, da matarsa da ƙanwar mahaifin nasa sun zauna a ƙasa sun kewaye wani faffaɗan kaskon lantarki tun azahar. Ana yanka kifi da kabewa da naman kaza da nama, a barbaɗe da fulawa, a tsoma a ƙwai, a soya. Jon suke kiransa. Tire ya cika a kawo wani. Har la'asar sakaliya ba su miƙe ba, kuma na ga matar Hyong tana dafe ƙugu in ta tashi ɗauko mai. Maza kuwa suna ɗaki gaban talabijin, aikinsu ɗaya shi ne ɓare wani ɗan itace mai tauri da ake kira bam. Hyong ya gaya min cewa wannan na cikin abin da ya sa matan zamani da yawa ke jin nauyin bikin, har suna da sunan da suke kiran ciwon jiki da ɓacin ran da ke biyo bayansa. A 2022 majalisar malaman Konfushiyas ta Sungkyunkwan, waɗanda su ne masu faɗa a ji a wannan al'ada, ta fito ta ce ba dole ba ne a yi suyar nan, abinci kaɗan ya wadatar. Da aka faɗa wa Halmoni sai ta ce su malaman su je su gaya wa surukarta da ke kabari. Na fahimce ta, amma a raina ina tare da matar Hyong. Na san matan gidanmu da ke kwana a bakin murhu ranar Sallah su wayi gari ba su ko sa sabon ɗinkinsu ba.

Da dare aka zo abin da ya fi burge ni. Aka shimfiɗa leda a tsakiyar ɗaki, aka kawo ƙullin garin sabuwar shinkafa da aka kwaɓa da ruwan zafi, wani fari, wani kore saboda ganyen da aka daka a ciki. Wannan karon har maza suka sauko. Kowa zai gutsuri ƙulli kamar girman goro, ya mulmula, ya yi masa rami da babban yatsa, ya zuba riɗi da zuma ko wake, ya haɗe bakin ya zama kamar rabin wata. Sunansa songpyon. Na tambayi dalilin da ya sa ake yin rabin wata a daren cikar wata, sai Omoni ta ce cikakken wata raguwa ce a gabansa, rabi kuwa cika zai yi. Suna kuma tsokanar 'yan mata da cewa wadda nata ya yi kyau za ta haifi kyakkyawar 'ya. Yarinyar Hyong ta zauna kusa da ni tana gyara min bakin nawa da ɗan yatsanta. Halmoni ba ta ko kallon hannunta, amma kowanne ta ajiye kamar da ma'auni aka yi shi.

Sai aka ɗauko madambaci, aka shimfiɗa masa ganyen wata bishiya mai tsini kamar allura wadda ba ta kaɗe ganye ko da sanyi, aka jera songpyon a kai, aka sake rufawa da ganyen. Ganyen ne ke hana su manne wa juna, shi ne kuma ke ba su ƙamshi. Da aka sauke aka shafe su da man riɗi. Kafin a taɓa ko ɗaya, na ga Omoni ta ɗebi wasu ta zuba a wani kwano daban ta rufe, haka ta yi da soyayyen kifi da kabewa. Daga baya na gane nawa ne da na ƙanwar mijinta, an ware mana tun kafin a kai sauran teburin magabata. Ba wanda ya yi min bayani, ba wanda ya nemi in gode.

Muna cikin wannan aiki Halmoni ta yi ta ba da labari, Hyong na fassarawa a gutsure. An haife ta lokacin da Japan ke mulkin Koriya, mulkin da ya kai daga 1910 zuwa 1945. Ta ce wannan filin da na gani cike da shinkafa, iyayenta suna nomawa amma ba sa ci, ana kwashe ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Gunsan a haye da ita Japan. Bayan nan yaƙi ya zo, daga 1950 zuwa 1953. Ta ambaci wani lokaci na shekara da suke kira hawan tudun sha'ir, wato ƙarshen bazara, lokacin da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba, mutane na cin saiwa da ɓawon itace. Na ce wa Hyong ya gaya mata mu ma mun san wannan tudun, namu a tsakiyar damina yake, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, a koma kan tafasa da rama. Ta daɗe tana kallona, ta gyaɗa kai. Ta ce shi ya sa jikokinta ba za su taɓa gane Cusok ba, domin ba su san mene ne ganin farar shinkafa a kwano bayan wata da watanni ba. Maganarta na da ƙamshin gaskiya. A 1970 ɗan Koriya ɗaya na cin shinkafar da ta haura kilo 130 a shekara, a 2023 kuwa bai wuce kilo 56 da 'yan kai ba. Ƙasar da ta yi kukan rashin shinkafa yanzu kukan yawanta take yi.

Na yi sallar asuba a ɗakin da aka ba ni, a kan daɓen da ake ɗumamawa ta ƙarƙashi. Ina idarwa na ji motsin kwanuka. Kafin ƙarfe bakwai an kafa wani shamaki mai naɗewa a jikin bango, an ajiye gajeren tebur a gabansa, ana jera abinci a kan ƙananan akusan katako masu ƙafa. Carye ake kiran wannan hidima. Komai da wurinsa, kuma mahaifin Hyong na tsaye yana gyara wanda aka ajiye ba daidai ba. A layin gaba 'ya'yan itace ne, kuma a nan idon malamin gona ya yi min amfani. Na farko wani jan ɗan itace ne busasshe mai suna decu, ina ganinsa na gane ɗan'uwan magarya ne, sai dai ya fi ta girma. Na kusa da shi gam, mai ruwan lemo, dangin kanya ne, har ɗan hular da ke kansa iri ɗaya. Sai bam ɗin da maza suka ɓare, sai wani babba mai kama da tuffa, mai ruwa kamar rake. Bayansu ganyaye da busasshen kifi da suyar jiya, can ciki kuma songpyon da miyar gwaza. Ba a sa tafarnuwa ko jan barkono a abincin wannan tebur, su da ba sa girki sai da su. A jikin shamakin an liƙa fararen takardu da aka rubuta magabata a kai da baƙin tawada.

Ni da ƙanwar uban muka tsaya a bakin ƙofa. Mahaifin Hyong, da yake shi ne babban ɗa, ya kunna turaren wuta, ya zuba giyar shinkafa a ƙoƙo, ya ajiye tsinken cin abinci a kan kwano. Suka durƙusa suka kai goshi ƙasa sau biyu. Ga mai rai sau ɗaya ake yi, ga mamaci biyu. Sai kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, wai a bar magabata su ci. Matar da ke gefena ta rufe ido tana motsa leɓe da tata addu'ar. Ni kuma na samu kaina ina yi wa kakannina addu'ar Allah Ya jiƙansu Ya haskaka kabarinsu. Ba na ganin mamaci na cin abinci, kuma ban ji ko ɗar a raina game da tsayuwata a baya ba. Amma na kalli fuskar dattijon nan, mutum mai shekara sittin da wani abu, wanda jiya ya yini bai ce uffan ba, na ga idonsa ya kawo ruwa a gaban takardar da ke ɗauke da sunan mahaifinsa. Abin da yake faɗa da wannan tebur na ji shi sarai: ga amfanin gonar da ka bar mana, bana ma ta yi, ba mu manta ba. Da aka gama aka ƙone takardun, aka janye teburin tsakiyar ɗaki, kowa ya zauna aka ci. Ni aka kawo min kwanon da aka rufe jiya, da miyar gwaza da Omoni ta dafa min daban da ƙananan busassun kifi maimakon naman shanu.

Da hantsi muka hau wani ɗan tudu a bayan ƙauyen. A can kaburburan gidan suke, kowanne tudu ne zagaye kamar an kifa babbar ƙwarya, lulluɓe da ciyawa, da dutse a gaba mai rubutu. Ciyawar a aske take ƙwal. Mako biyu kafin biki Hyong da baffansa suka zo da inji suka yanke ta, aikin da suke kira bolco, kuma kabarin da aka bari ya yi duhuwa har ranar Cusok abin kunya ne ga zuriyar mai shi. Daga inda muke na hango wasu biyu can gefe da ciyawa ta haɗiye. Na tambaya, aka ce 'ya'yan sun yi nisa, ko kuma babu su. Yanzu har akwai masu karɓar kuɗi su yi maka yankan su turo maka hoto a waya. Galibin masu mutuwa a ƙasar ma, fiye da tara cikin goma, ƙone gawarsu ake yi a ajiye tokar a wani gini, don ƙasa ta yi tsada kuma masu kula da kabari sun yi ƙaranci. Suka sake rusunawa a nan. Ni kuma na ga wasu ciyayi da inji bai kama ba a gindin dutsen, na tsuguna na tuge su da hannu. Wannan kam ba abin da ya hana ni.

Muna zaune a kan tabarma a gefen kaburburan, ana ɓare 'ya'yan itace, sai Halmoni ta sa yarinyar Hyong ta nuna kowane tudu ta faɗi ko wane ne. Yarinyar ta lissafo su har huɗu ba ta yi tuntuɓe ba: wannan mijin Halmoni ne, wannan mahaifinsa, wannan kakansa, wannan uban kakan. Suna da littafin zuriya da ake rubuta kowa a ciki, ana ajiye shi a gidan babban ɗa. Sai tsohuwar ta juyo gare ni ta ce, "Yaro, kai fa? Wane ne uban kakanka?" Na faɗi sunan mahaifina, na faɗi na kakana, daga nan na tsaya. Na yi mata bayanin cewa mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna, bayan 'yan shekaru ƙasa takan shafe, kuma haka addininmu ya fi so, sarki da talaka su kwanta iri ɗaya. Ta ce wannan ta ji, kuma ba laifi. "Amma suna ai ba a ƙasa ake ajiye shi ba," in ji ta, "a baki ake ajiyewa." Ban samu amsar da zan ba ta ba. Don in sauya zancen na gaya wa Hyong cewa a harshenmu lokacin girbi kaka ne, mahaifin uba ko na uwa ma kaka ne, rubutu ɗaya. Da ya fassara mata ta tafa hannu ta ce to ai mu ma muna da Cusok ke nan, a cikin kalma guda.

Ban roƙa ba, Hyong da kansa ya duba agogo ya ce ai yau Juma'a ce. Ya bar danginsa a kan tudu ya kai ni Jeonju, tafiyar kusan minti arba'in, inda akwai masallacin Abubakar Siddiƙ. Ya cika har waje, domin masana'antu da gonaki duk an rufe. 'Yan Indunusiya ne da Bangaladash da Pakistan da Uzbekistan, samari galibinsu, waɗanda su ne ke aiki a rumfunan leda da masana'antun yankin. Su ba su da tudun da za su hau a ranar, sai suka taru a nan, bayan sallah kowa ya koma gefe yana kiran gida ta bidiyo. A hanyar dawowa Hyong ya nuna min makarantar firamaren da mahaifinsa ya yi, an rufe ta ba yara. A duk ƙauyen nasu, in ka cire ranakun biki, da wuya ka ga wanda bai kai sittin ba. Alƙaluman da suka fito daga baya sun nuna haihuwa a ƙasar ta sauka zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya. Ƙanwarsa ma ba ta zo ba, ta yi amfani da hutun ta tafi yawon buɗe ido, kuma ya ce bai ga laifinta ba, don duk shekara tambayar aure ake tsare ta da ita.

Da la'asar talabijin na nuna kokawarsu ta gargajiya, ssirum, a cikin da'irar yashi, kowa ya riƙe ɗamarar ƙyallen da ke ƙugu da cinyar abokin karawarsa, wanda wani sashe na jikinsa daga gwiwa zuwa sama ya taɓa ƙasa ya faɗi. A da bijimi ake ba zakara. Mahaifin Hyong, wanda bai yi min magana ba tun zuwana, ya ga yadda na matso gaba ina bin kowane kamu, sai ya sa aka tambaye ni ko muna da irinta. Na ba shi labarin kokawar bayan girbi a ƙauyukanmu, da gasar takobi ta Nijar da ke tsayar da ƙasa cik. Daga nan har magariba ba mu rabu ba, yana nuna min dabarun ɗaga ƙafa da hannunsa.

Bayan isha muka fito tsakar gida. Watan ya taso daga bayan gonakin shinkafa, babba, ja-ja, gajimare na ratsa shi yana fita. Yarinyar ta haɗa tafin hannu tana roƙon abin da take so, Halmoni kuma ta faɗi wata tsohuwar magana tasu da ake yi a wannan dare: kada ya ƙaru, kada ya ragu, kullum dai ya zama kamar Hangawi. Na koma gefen tulunan daddawa na zauna. Tsakaninmu da gida awa takwas ne, don haka a can rana ce tsaka, watan da nake kallo bai iso musu ba tukuna. Na jira har ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da na san an sauko daga masallaci, na kira mahaifina.

Ya ce an gama yankan geron gonar gabas, ana ɗaurin dami, kuma bana an gode Allah. Ya riga ya ware zakka, ɗaya cikin goma, an kai wa masu ita. Inna ta yi furar sabon gero jiya ta aika wa maƙwabta. Na yi lissafi a raina, shekara shida ke nan ban ga kakar gidanmu da idona ba, kullum aiki, kullum sai dai in aika kuɗin 'yan ƙwadago. Na ce, "Baba, don Allah wane ne mahaifin Malam?" Ya yi shiru, ya ce lafiya dai ko? Na ce lafiya lau, so nake in sani. Sai na ji ya gyara zama, ya sa aka rage ƙarar rediyo. Ya faɗi sunan, ya faɗi na uban wannan, da garin da suka taso, da dalilin tasowarsu, da wanda ya fara sare dajin da ya zama gonar gabas. Ba ni da takarda a kusa, sai na jawo murfin kwalin 'ya'yan itacen da na kawo tsaraba, na ari biron yarinyar, ina rubutawa a hasken fitilar tsakar gida. Ya kai ni har mutum biyar, sannan ya ce sauran sai na zo, akwai wata gwaggonsa a Ɓaɓura da ta fi shi sani, kuma ta tsufa ƙwarai.

Da safe Omoni ta cika bayan motar da buhun sabuwar shinkafa, da kwalaben man riɗi, da barkono, da ragowar suya a leda. Nawa ƙunshin daban ta miƙo min, songpyon ne da decu. Halmoni ta rako mu har bakin hanya tana dogara keken turawarta. Na nuna mata murfin kwalin, na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa a bayana da irin nata lafazin.